Farfesun Marigayiya Batulu

Tun da korona ta kwantar da Injiniya Ashafa harshensa ya mutu. Gishiri da sukari duk ɗaya suke a bakinsa, ƙamshi ma ba ya ji, zafin attarugu kaɗai ke ratsa shi. GP, wato likitansa, ya ce wataƙila abin ya dawo. Bai dawo ba, shi kuma bai gaya wa kowa ba.

Sai ga Hausawan Manchester sun naɗa shi alƙalin gasar farfesu a wani hall a Cheetham Hill, wai mijin marigayiya Batulu ai ya san girki.

Ya bi tukwanen yana kurɓa yana gyaɗa kai. Ta ƙarshen ta 'yarsa Firdausi ce, wadda ta taso tun daga Birmingham da tukunyarta a bayan mota. Yana ganin kimba na yawo a romon ya san girkin uwarta ta kwaikwaya. Ya kurɓa, ruwan ɗumi kawai ya ji.

Matar da yajinta ya sa shi hawaye ya ba kyautar, don nata kaɗai ya san ya shiga bakinsa.

Da aka watse Firdausi ta tare shi a bakin mota. "Baba, ba kyautar ce ta dame ni ba. Just tell me, ya yi kamar na Umma? Na fara mantawa, kuma kai kaɗai ka rage da zan tambaya."

Ashafa ya buɗe tukunyar. Romon ya huce, mai ya kwanta a kai.

"Bari in ƙara ɗanɗanawa," in ji shi.

Ya sha, ya ƙara sha, tana tsaye tana jira.