Kwarkwaron Fatsar Arch Tolhurst

Akwai wani irin sani da ke sa mutum ya riƙa ganin kuskure har a inda babu shi, ya kuma ɗauka shi aka aiko ya gyara. Wannan hali ne ya ci Merv Tolhurst. Ni maƙwabcinsu ne a tsibirin Bribie, a gabana ya girma, kuma ba zan ce mugu ne ba.

Merv ya san kwarkwaron fatsa, abin naɗe zaren nan da ake ɗaurawa a gindin sanda, fiye da yadda ya san shekarun 'ya'yansa. Ya tara tsofaffi sun fi arba'in a bangon gareji. Ko ba ka tambaya ba zai gaya maka cewa ƙirar farko jan katako ce, bayanta tagulla, ba ta da birki, da tafin hannu ake tare ta in kifi ya ja. Ta biyu katakon ne dai, sai bayan ya koma ƙarfe. Ta uku baƙar roba ce mai tauri.

Na marigayi babansa, Arch, bai shiga ko ɗaya ba. Katakon na farko ne, bayan na biyu, mariƙin juyawa ɗaya na ƙira ta uku ne, ɗayan kuwa kan murfin butar shayi ne. Shekara hamsin Arch yana tsayawa cikin igiyar ruwa da shi, duk abin da ya karye sai ya sa abin da ya samu. Bayan rasuwarsa, matarsa Thelma, da idanunta suka riga suka tafi, ta riƙe shi. Kullum da la'asar tana baranda da shi a cinya, tana juyawa, yana ɗan kuka. Ba ta neman komai bayan wannan.

Da ta kusa cika shekara tasa'in, Merv ya zo ya ɗauki kwarkwaron.

"Mai kawai zan sa masa, Mama."

Yayarsa Glenys ta biyo shi har mota. "Kai, sarkin sani, ajiye mata abinta."

"Glenys, dubi abin nan. Ƙira uku a jiki ɗaya, har da buta! Baba ya cancanci a ga kayansa da mutunci."

"Baba da ya yi shekara goma da igiya a madadin bel? Shi ne ya ce maka yana neman mutunci?"

"In kin ga yadda zai dawo, kuka za ki yi."

"Wani dai zai yi," in ji ta.

Sati uku yana kansa, kuma na shaida da ƙauna ya yi. Ya nemo bayan tagulla na ainihi tun daga kudu, ya samo mariƙai biyu na ƙaho irin na ƙirar farko. A bakin katakon ya tarar da wani wuri ya lotsa, ya bi shi da samfefa har ya daidaita, ya shafa mai, abu ya yi sheƙi.

Ranar bikin cikarta tasa'in muna baranda, ga jatan lande, ga kek, Merv ya durƙusa ya ɗora wa mahaifiyarsa shi a cinya. Ta shafa, ta juya, shiru, ba kuka. Babban yatsanta ya zagaya bakin katakon sau biyu, a hankali.

"Kai, wannan ya yi kyau, ɗana. Na wane ne?"

"Na Baba ne, Mama. Na maido shi yadda aka ƙera shi."

Ta yi murmushi. "A'a. Na babanku yana da wurin hannunsa a nan, inda yake tare kifi. In na sa nawa a ciki, daidai yake zama. Mayar wa mai shi, kada ya yi ta nema."

Merv ya kifa goshi a gwiwarta. Ta lalubo kansa, tana shafa sanƙon kamar yana ɗan shekara biyar.

"Me ya faru? Ka ɓatar da shi ne? To, daina. Zai fito. Babanku ma kullum a yashi yake mance shi."

Ta ƙara wata takwas a duniya. Duk zuwan da zai yi sai ta tambaya ko ya gani, shi kuma ya ce yana kan nema. Yakan zauna kusa da ita har rana ta faɗi, abin da da can bai cika yi ba.

Ga abin da ya rasa. Bayan ƙarfen, ya ba wani mai tara kaya da bai ko riƙe sunansa ba. Kan murfin butar, motar shara ta tafi da shi. Kukan kwarkwaron, mai ya kashe shi. Wurin hannun babansa, aikin shekara hamsin, ya zama gari, ya share shi daga ƙasan gareji da tsintsiya. Sai la'asar ɗari biyu da arba'in da mahaifiyarsa ta yi hannunta ba komai.