Cokali na Biyar

Ni na fara ganin Maman Chang-sik ta kama hanyar tafiya. Kafin likita, kafin Fasto Yeom, kafin ɗan da ta haifa ma. Wata Talata ce da safe, ina bakin tagata ina wanke 'yan haƙoran da suka rage mini, sai na ga cokali ya karkace a hannunta, shinkafa ta watse a ƙasa. Ta tsaya tana kallon hannun kamar na aro ne.

"Ke, tsohuwa!" na ce. "Kaji kike kiwo a ɗakin girki?"

"Rufe tagarka, Baban Yeong-ja. Sanyi zai kashe ka."

"Ni? Yaƙi bai kashe ni ba, teku bai kashe ni ba, sai iskar taga?"

Ta yi dariya, amma da ta durƙusa tsintar shinkafar, ta daɗe ba ta miƙe ba. Nan na sani. Mutumin da ya ga mutuwa yadda na gan ta ba ya bukatar takardar asibiti.

Shekara hamsin da biyu tagar ɗakin girkinta na kallon tawa, a nan kan tudun birnin Busan, inda gidaje ke hawa kan juna kamar kwanukan da aka kifa. Tsakaninmu lungu ne da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. Daga Arewar ƙasar nan muka gudo wa yaƙi mu duka muna yara, ni a cikin jirgin ruwan da aka cusa mu a tsaye kwana uku, ba ci ba sha. Ina da shekara goma sha biyu, kuma ban yi kuka ba. Ku tambayi kowa.

Sunanta Bun-nye, amma tun da ta haifi Chang-sik ba wanda ya sake kiranta da shi. Ba ta iya karatu ba. Littafi Mai Tsarki tana rungume da shi zuwa coci duk Lahadi, jikarta ce ta ɗaura masa zare don ta san sama da ƙasa. Waƙa kuwa, Allah ya kyauta, in ta ɗaga murya karnukan lungu amsa mata suke. Shekaru suka wuce ana naɗa ƙannen bayanta muƙamai a cocin, ita tana nan a layin baya kusa da takalma.

Abu ɗaya ne nata. Kowace safiya, kafin ta wanke shinkafa, sai ta ɗebi cokali ɗaya daga rabon kowane mutum na gidan, ta motsa baki ta faɗi sunansa, ta zuba a wata jakar ƙyalle da ke rataye a ƙusa. Ran Lahadi ta sauka matakala ɗari da arba'in ta kai coci, a dafa wa masu zuwa sujada, a raba sauran ga tsofaffin da ba su da kowa. Dā duk matan cocin suna yi. Yanzu sun mutu ko sun gaji, saura ita.

Ni kuma ina ƙirga mata, don idona ba ya barin abu. Da mijinta ya rasu, cokali ɗaya ya ragu. Ta ce wanda ya isa gida ba ya bukatar guzuri. Ya zama biyar. Chang-sik, matarsa, 'yarsu, da ƙanwarta da aka bari a Arewa, wadda ba a san ko tana raye ba. Huɗu ke nan.

"Na biyar ɗin na wa ne?" na sha tambayarta. "Wani saurayi kika bari a ƙauye?"

"Na wani mai taurin kai ne."

"To naki fa?"

"Ni da ke cin tukunyar gaba ɗaya?"

Bayan kwana goma da zubewar shinkafar, likita ya faɗi abin da na riga na sani. Ta ƙi kwanciya a asibiti. Chang-sik yana aiki a Seoul, sai ya turo matarsa Hye-ran ta zauna da ita. Yarinyar kirki ce, ba zan yi mata ƙarya ba, amma shinkafarta ta roba ce, wadda ake saya a dafe a jefa a na'ura minti biyu. Buhun tsohuwa ya zauna ba mai taɓa shi, jaka kuma ta rataye fayau kamar safa.

Ran Alhamis na shiga gaishe ta. Tana kwance a kan shimfiɗa a ƙasa, ta juya wa kunun shinkafarta baya.

"Baba, ka yi mata magana," in ji Hye-ran. "Tun jiya ba ta ci komai ba. Wai sai an ɗebi cokali. Na ce mata zan saya wa coci babban buhu, kilo ashirin, a kai musu har ƙofa."

"Buhu ba ya faɗin suna," in ji tsohuwar, ba ta ko juyo ba.

"Mama, ni ban saba ba. In na koma Seoul zan manta, gara in faɗa miki gaskiya."

Da rana Fasto Yeom ya hau matakala yana haki, ya zauna kusa da ita, ya riƙe hannunta. Yaro ne, bai fi hamsin ba, amma yana da hankali.

"Mama, Ubangiji ba shinkafa yake dubawa ba. Zuciya yake gani. Kin yi naki, ki huta."

"Na sani, Fasto. Shi ba ya mantuwa. Ni ce mai mantuwa. Ban iya doguwar addu'a irin ta Dattijo Bang ba, mai girgiza tagogi. In na buɗe baki, kalmomi guduwa suke yi. Amma in cokali ya cika, ina ganin fuskar mutum, sai in miƙa shi ga Ubangiji." Ta ja numfashi. "Tafiyar ba ta dame ni ba. Mutum biyar nake ɗauke da su kullum safe. A hannun wa zan ajiye su?"

Fasto ya ce zai riƙa sa su a addu'a. Ta yi masa godiya, amma na san fuskarta. Shi Fasto mutum ɗari uku yake da su a coci.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Washegari da safe na tsallaka lungu, na jawo buhun har bakin shimfiɗarta, ni kaɗai, ina da shekara tamanin da huɗu. Na sauko da jakar daga ƙusa.

"Kada ki ɗauka na tuba," na ce. "Kunun ne nake jin haushin a zubar."

"Ba wannan cokalin ba, tsoho. Na tagulla. Kuma ka shafe kansa da yatsa, ba a tula shi kamar mai sata."

Na ɗiba. Ta ce, "Chang-sik." Na zuba. "Hye-ran." Yarinyar da ke tsaye bakin ƙofa ta juya ta shige ɗakin girki, muka ji ta buɗe famfo da ƙarfi. Sai jikarta, "Su-bin." Sai ƙanwarta, "Kkeut-sun," a hankali, kamar mai kiran yaro daga barci.

Na ɗebi na biyar, na ce, "Yau dai zan ji sunan saurayin."

"Pyo Man-deuk," ta ce.

Sunana ne. Shekara nawa rabon da in ji shi daga bakin wani.

"Ke, kina da hankali kuwa? Ni ɗan gidanku ne?"

"Ka tuna shekarar da guguwa ta kifar da jirginku na kamun kifi?"

"Na tuna mana! Kwana biyu ina rungume da ganga a tsakiyar teku. Mutum tara, ni kaɗai na fito. Da ƙarfin hannun nan!"

"To, da ƙarfinsa. A kwana na farko matarka ta shigo nan tana kuka, ta ce ita ba ta san yadda ake roƙo ba, in ɗebar maka. Da ka dawo na ce zan daina, ta ce a'a, ai yanzu ma kake bukata, don bakinka zai ja maka abin da teku bai yi ba. Ranar da za ta rasu ma ta tuna mini."

"Shekara arba'in da ɗaya kina zuba mini shinkafa ban sani ba?"

"Da ka sani da ka hana. Zuba, hannunka na rawa."

Ba rawa yake ba. Cokalin ne mai santsi.

Ta sha kunu rabin kwano a ranar. Ran Asabar na sake zuwa, ran Lahadi ma. Na ce mata ni fa ban iya addu'a ba, kuma ba zan koya da furfura ba. Ta ce, "Ka faɗi suna kawai. Sauran, Ubangiji ya sani." Da hantsi na ɗauki jakar na sauka matakala, na ajiye ta a akwatin katako da ke bakin ƙofar coci. Dattijo Bang ya gan ni ya buɗe baki. Na ce masa ya rufe kada ƙuda ya shiga.

Ran Laraba ta tafi, wajen ƙarfe goma na safe, rana na kan bargonta, Chang-sik da ya iso daga Seoul na riƙe da ƙafarta. Matan coci suna waƙa a hankali, ita ma tana motsa baki, kuma ko a nan ba ta bi muryar daidai ba. Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa. Miyar naman ba ta ji gishiri ba, amma na ci kwano biyu.

Da za su rufe gidan, Hye-ran ta ƙwanƙwasa mini. Ta miƙo jakar da cokalin tagulla da hannu biyu.

Yanzu duk safiya ina ɗiba. Chang-sik, Hye-ran, Su-bin, Kkeut-sun. Na biyar ba na faɗin sunana, ban lalace haka ba. Ina shafe kansa da yatsa, in dubi tagarta da aka rufe, in ce, "Na gode." Ran Lahadi nakan zauna a layin baya kusa da takalma, don ƙafata ta huta kafin hawa.

Akwai masu cewa tsoho ya fara ƙarya. To, matakala ɗari da arba'in ne. Mai musu ya hau, ni kullum ina hawa. Ƙofa mai shuɗin fenti, ƙusa tana hannun dama. Yau Juma'a, jakar ta wuce rabi.