Shanun Kwali na Malama Lubabatu

Mai babur ya faɗa wani rami a hanyar Katuru, Lubabatu ta ƙanƙame kwalayen da ke hammatarta maimakon ta riƙe ƙarfen baya.

"Hajiya, riƙe kanki dai, takarda ba ta karyewa," in ji shi.

"Kai dai tahi da mu. Wagga takarda ta hi ƙahwata tsada yau."

Ba ƙarya ta yi ba. A yau ne malamin duba zai zo daga kwaleji ya ga yadda take koyar da Turanci da taimakon Hausa, kuma wannan ce dubawa ta ƙarshe. In ta ci, ta zama malama mai shaida. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara, ta koma gidansu a Ƙaura tana sauraron gorin ƙannenta. Amma ko kusa ba ta jin tsoro. Murna ce ma take cinta, don ta zana shanu goma a kwali, ta yanke su da reza, ta yi musu kala, har mahaifiyarta ta ce saura su yi kuka.

Ta tarar da malamin duba ya riga ta isa. Malam Sodangi ne, dogo, siriri, wanda ɗalibai suke cewa ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya zauna a bayan aji kusa da yaran ruga, waɗanda iyayensu suka sauka gefen gari da shanunsu a farkon damina, hedimasta ya zuba su a ajinta.

Darasin ƙirga ne, kuma ya tashi da kyau. Yara suka rera ɗaya zuwa goma da Turanci har rufin kwano yana amsawa. Sai ta zo kan tambayar da take ji da ita, wadda ta tsara musamman don jawo baƙin yaran.

"How many cows? Asta, shanu nawa ag ga babanki?"

Asta, yarinya mai kitso da wuri wadda ta fi kowa baki a filin wasa, ta sunkuyar da kai. Lubabatu ta tambayi na kusa da ita, shi ma ya dubi ƙasa. Ta tambayi na uku, sai ya juya mata ƙeya. Ajin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai alƙalamin Malam Sodangi yana tafiya a kan takarda. Lubabatu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wane irin abu ne wannan, yaran da suka san shanu fiye da tuwo?

Ta durƙusa gaban yarinyar, ta sassauta murya.

"Asta, mi ya hwaru? Ba duka zan yi ba."

"Malama, ba a ƙirga nagge," in ji Asta da Hausarta mai karkata, tana kiran saniya da Fillanci. "Baffa ya ce in an faɗi yawansu, raguwa suke yi."

Kunya ta kama Lubabatu har cikin ƙashi. Ita 'yar gari, 'yar mai shagon atamfa, ta zo tana tambayar 'ya'yan mutane abin da ko maƙwabci ba ya tambaya. Ta dubi allo, ta dubi teburinta, idonta ya sauka a kan kwalayen. Sai wata dabara ta faɗo mata.

Ta jera shanun a bakin taga, ɗaya bayan ɗaya.

"To, ku dibi nan. Waɗanga shanuna na, ni Lubabatu. Na yarda a ƙirga su. In sun ragu, ni ad da asara, ba Baffa ba."

Asta ta ɗago kai. Ta ƙare wa garken kallo, ta nuna wata farar saniya, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Malama, wannan ba ta da tozo!"

"Ba ta ci ta ƙoshi ba, albashi bai zo ba. Taso ki ƙirga muna."

Yarinyar ta fito da gudu. Tana taɓa kowace saniya, aji yana amsawa da ƙarfi, "One! Two! Three!" Yaran ruga suka miƙe tsaye, suna ture juna, kowa yana son ya taɓa. Har launi suka koya ba tare da an shirya ba, don ɗaya ya nace sai an gaya masa yadda ake cewa ja, wani kuma baƙa. Suna kaiwa goma, iskar hadari ta kaɗo, ta sure farar saniyar ta yi waje da ita.

"Kin gani ko!" Asta ta yi ihu tana tsalle. "Malama, sun ragu! Baffa ya faɗa!"

Aji ya kece da shewa. Lubabatu tana dariya har da hawaye, ta ɗaga hannu. "How many cows now?"

"Nine!" Muryar Asta ce ta fi ta kowa.

Da aka kaɗa ƙararrawa, Malam Sodangi ya tattara takardunsa ya fita. Lubabatu ta bi shi har inda ya ajiye babur ɗinsa. Ta same shi ya tsinto farar saniyar daga cikin ciyawa, yana share mata laka da bakin rigarsa.

"Malam, don Allah," ta ce, "maki nawa na samu?"

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama Lubabatu, ni ma a ruga anka haihe ni. Ba mu hwaɗin adadi." Ya miƙa mata saniyar, sai ga haƙoran nan da ba a taɓa gani ba. "Amma ki yi mata tozo kahin ki kama aiki."

Ya tada babur ya tafi. Ta daɗe a tsaye da kwalin a hannu kafin ta lura da sunan da ya kira ta da shi: Malama. A bakin aji, Asta tana ɗaga mata hannu ta dawo da saniyar cikin 'yan'uwanta.