Gaisuwar Malam Sanda

"Sha, Malam."

"Na ce miki lafiyata ƙalau."

"Na ji. Sha tukuna, sai ka ƙara gaya mini."

Clara ta tare matakalar benen da jikinta, kwalin lemo a hannu, jakar aikinta a yashe a ƙasa. Malam Sanda, maƙwabcinta na hawan sama, yana tsaye da hula a karkace yana kallon bango. Ba gumi a goshinsa, hannunsa ba ya rawa, duk wanda ya gan shi zai rantse garau yake. Amma ya sauko ya ce mata "sannu" zai wuce, alhali duk unguwar Whalley Range babu wanda ya taɓa kuɓuta daga hannun Malam Sanda da "sannu" ƙwaya ɗaya.

Ya karɓa yana ƙunƙuni, ya shanye. Suka zauna a kan matakala. Can sai ya gyara hula, ya dube ta kamar yanzu ta iso.

"Maman Bethany, ina kwana? Ina gajiya? Yaya maigidan, yaya bayan nasa? Yaya yara, yaya sanyi?"

"Yauwa," in ji Clara. "Barka da dawowa."

Ciwon suga ya daɗe tare da shi, tun kafin ya zo Manchester karatu, kuma kullum sai ya yi wa kansa allura. Da can idan sugan ya faɗi jiki kan sanar da shi, hannu ya kama rawa, gumi ya keto, yunwa ta murɗa ciki. Da shekaru suka ja sai jikin ya yi shiru. "Mai gadina ya tsufa, barci yake yi a bakin aiki," haka yake faɗa yana dariya. Asibiti sun liƙa masa wata 'yar na'ura a dantse wadda ke sa wayarsa ƙara idan suga ya yi ƙasa. Ranar da ta yi ƙara ana tsakiyar sujada a masallacin Rusholme ya kashe mata murya, kuma babu roƙon da ya sa ya mayar.

"Ni da furfurata, aljihuna yana kuka a cikin sahu?"

Clara ma'aikaciya ce a gidan kula da tsofaffi, ta ga masu taurin kai iri-iri, amma wannan ya gagare ta, don shi bai ɗauki ciwon abokin gaba ba. Ya taɓa ce mata, "Lokacin da suga ya faɗi kuke cewa ina hypo ɗin nan, ni wata irin natsuwa nake ji. Irin wadda nake nema a salla ban cika samu ba."

"Natsuwar nan ita za ta kashe ka, Malam."

"To, ai da wani abu za a tafi."

Ranar ta ji haushinsa har cikin ranta. Tun da matarsa ta rasu babu kowa a ɗakin sai shi, don haka ta naɗa kanta mai gadi, ma'auninta kuwa gaisuwarsa. In ta cika, ta tafi aiki da kwanciyar hankali. In ta gutsure, ta buɗe jaka ta zaro lemo.

Da zai je Birmingham ya yi 'yan kwanaki wajen 'yarsa Khaulat, wadda ke karatu a unguwar Selly Oak, Clara ta kira yarinyar.

"Kada ki tsaya tambayarsa yaya jiki. Ko ana ɗauke da shi, da sauƙi zai ce miki. Gaisuwarsa za ki saurara."

"Anti, ni 'you alright, Baba?' nake ce masa, ya ce 'alright'. Ya gaji da koya mini."

Clara ta ga ba ta da mataimakiya, sai ta riƙa kiransa da kanta kullum a hutun rana.

Ranar Laraba ya ɗauki wayar, muryarsa a sanyaye amma tsaf. Ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki. Ya tambayi ciwon bayan Gamaliel, mijinta, da jarrabawar Bethany. Ya ƙetara har garinsu Pankshin ya gaishe da tsohuwarta da ciwon gwiwarta. Har ruwan sama sai da ya tambaya. Clara tana tsaye a bayan kicin da kofin shayi tana amsawa, har hutun ya kusa ƙarewa.

"Malam, ka ci abinci?"

"Yanzu zan ci. Na gode da maƙwabtaka, Maman Bethany. Allah ya yi wa zuri'a albarka."

Ta kashe waya tana murmushi, ta koma ba tsofaffinta abinci.

Da la'asar Khaulat ta dawo daga makaranta ta same shi kwance a gefen dama a kan darduma, kamar mai ƙailula. Shinkafar da ta bar masa tana rufe a kan tebur.

Clara da Gamaliel suka hau jirgin ƙasa ranar da aka ba da gawa. Bayan an dawo daga maƙabarta gidan ɗaliban da Khaulat ke zaune ya cika maƙil, maza a falo, mata a kicin da kan bene. Khaulat ta ja hannun Clara zuwa bakin ƙofa.

"Anti, likita ya duba sensor ɗin, na'urar nan ta dantsensa. Ya ce tun kafin azahar sugan ya yi ƙasa sosai. Ya ce a lokacin da kika kira, he shouldn't even know his own name, ko sunansa bai kamata ya iya tunawa ba."

"Sunansa?" Clara ta ce a hankali. "Ai har Pankshin ya je. Bai tsallake kowa ba."

Ta jingina da bango. Ta so ta ji haushinsa kamar yadda ta saba, ta so ta ji haushin kanta, amma abin da ya rufe ta mamaki ne. Ko ya sani ne ya tattara ragowar hankalinsa don kada ya ɗaga mata nata? Ko kuwa hankalin ya riga ya tafi, gaisuwar ce kaɗai ta rage a jikin mutumin, ta fito da kanta? Ta juya abin ta kowace fuska ba ta sami amsa ba, kuma babu wanda za ta tambaya.

Daga falo aka soma addu'a, muryoyi suka ɗauki amin. Yayyafi ya sauko kan takalman masu ta'aziyya da ke zube a dakalin ƙofa. Clara ta durƙusa tana kife su ɗaya bayan ɗaya.