Hannu Cikin Takalmi

Tun da likita ya ce kafinta yana da ciwon suga, bai taɓa zama a bencin mai kantin magani ba. Matarsa yake turawa. Ita ke zama duk Asabar cikin masu ciwon, ita da ba ta da shi, tana sauraron bayanin awon abinci da lokacin shan ƙwaya.

"Yaya, ina mai ciwon?" in ji mai maganin.

"Yana shago. Ya ce in jiyo masa."

"To ki shanye masa maganin ma." Aka yi dariya. Sai mai maganin ta tsuke fuska. "Ciwon nan yana kashe jin ƙafa. Ƙusa za ta shige shi bai sani ba. Kullum ya duba tafin ƙafarsa, kuma ya sa hannu cikin takalmi kafin ya sa ƙafa. Ƙafar nake ji masa, Yaya."

Ta ba ta ƙaramin madubi ta kai masa. Ya juya shi, ya kife a kan tebur.

"Ni zan zauna ina leƙen ƙafa a madubi? Yarinyar da na haifi kamarta ce za ta koya mini sa takalmi?"

Matar ba ta ja da shi ba. Kowace safiya in ya shiga wanka, sai ta tsuguna bakin ƙofa ta laluba takalman aikinsa. Ta sha fito da tsinken katako, ta taɓa fito da guntun ƙusa. Ba ta nuna masa ba, ta san halin kayanta.

Wata safiya ƙaninsa ya shigo ya same ta tsugune, hannu cikin takalmi.

"A'a, matar Yaya! Har takalmi ake duba masa yanzu? Saura goyo!"

Kafinta ya ji daga banɗaki. Daga ranar ya riƙa barin takalman a shago, ya dawo gida da silifa da safa. Dariyar ƙani ɗaya ta fi masa nauyi a kan duk abin da matarsa ta jiyo masa.

Wari ne ya tona asiri. Ta roƙa, ta yi kuka, ya ce zufa ce. Ranar da ya yarda ya cire safar, tafin ya riga ya yi baƙi. A ƙasan gwiwa aka yanke.

'Yan'uwa sun cika ɗakin asibiti lokacin da ya nuna ta da baki. "Ita ke zuwa karatun. Ku tambaye ta abin da ta koyo." Ƙanin ya gyaɗa kai.

Ran Asabar matar ta koma benci. Mai maganin ba ta yi mata jaje ba. "Saura ɗaya, Yaya," ta ce. "Ki kawo mini shi."

Bai zo ba. Amma yanzu a gabansa take sa hannu cikin takalmin, guda ɗaya, yana kallon bango. Ba wanda ke dariya.