Wuƙar Tokuji a Hannun Fusae

Shekara talatin da ɗaya Fusae Kanemori tana hidimar baƙi a masaukinsu da ke ƙauyen Kugihama, amma ba ta taɓa yanka kifin da baƙin suke zuwa dominsa ba. Wannan aikin mijinta Tokuji ne. Ita nata shimfiɗa ne, da haɗa ruwan wanka, da hawa da sauka da farantai a matattakalar katako da ta cinye mata gwiwa. Ɗakuna biyar ne kacal, duk suna kallon teku. Da rani ba kowa sai masu iyo jifa-jifa, amma da zarar sanyi ya kankama, kifin buri ya yi kitse ya gangaro daga arewa, sai wayar gidan ta hana su sakat.

A farkon watan Oktoba Tokuji ya yanke jiki ya faɗi a bakin tashar jiragen ruwa. Ya yi sati shida a asibiti, ya dawo a keken marasa lafiya, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Ranar da aka sallame shi, yayan Fusae, Shigeharu, ya zo daga birni. Bai ko cire rigar sanyinsa ba ya fara.

"Ki kira mutanen nan ki ba su haƙuri. Ki rufe gidan ku taho wurina, ga asibiti kusa."

"Yaya, sha shayinka."

"Ina magana kina ce mini shayi? Wa zai yanka musu kifin? Shekararki hamsin da takwas fa."

"Ni zan yanka."

Shigeharu ya tuntsire da dariya. "Ke? Ke da ko kabewa ba kya iya rabawa daidai?"

Fusae ta dubi mijinta. Yana zaune kusa da murhu, ya ƙura wa ƙasa ido, kunnuwansa sun yi ja. Tun da ya dawo hayyacinsa bai tambayi gida ba, bai tambayi jirginsa ba, littafin sunayen baƙi kawai ya nuna a kawo masa. Ta san in aka kai shi hawa na tara a wani dogon bene a birni, ba zai ga bazara ba. Ta tashi ta ɗebe kofuna.

Washegari ta tafi wurin Gonda, dillalin kifi, abokin Tokuji tun suna yara. Ta same shi yana zuba ƙanƙara a akwatuna. Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta, sai ya cire sigarin bakinsa ya dube ta sama da ƙasa.

"Uwargida, buri ba shinkafa ba ne. Ƙato ne, ya kai yaro ɗan shekara ɗaya nauyi. In kika ɓata shi, ni za a zaga a garin nan."

"To ba ni wanda ba za a zage ka a kansa ba."

Ya ba ta ƙananan kifaye, waɗanda komar masunta ta ƙuje wa jiki, ya ce in ta gama kashe waɗannan ta dawo.

Haka aka fara. Kullum da hantsi sai ta turo keken Tokuji har bakin teburin yanka, ta ɗauko doguwar wuƙarsa. Kalmomi da yawa sun gagare shi, amma "a'a" tana fita tas kamar da. In ta kama wuƙar a ƙarƙace, a'a. In ta danna maimakon ta ja, a'a, ya buga tebur da hannun hagu. Wata rana ta bar tsoka jingim a jikin ƙashi, haushi ya sa ya yi jifa da cokali har ya bugi tukunya.

"Baban Yuri," ta ce, "in za ka jefe ni, ka saita da kyau. Ka ga ko hannun ma ya samu motsa jiki."

Gefe ɗaya na bakinsa ya motsa. Wannan ce dariyarsa ta farko tun watan Oktoba.

Kifin da ta ɓata ya fi ƙarfin cikin mutum biyu, sai ta shiga rabo gida-gida. Cikin sati biyu har tsofaffin unguwa sun fara ɓuya in sun hango ta da kwano. Yatsunta uku suka sha filasta. A ƙarshen Nuwamba Gonda ya ba ta burin farko na gaske, ta yi awa biyu a kansa. Na huɗu ta gama shi cikin minti arba'in, Tokuji ya ɗauki yanka ɗaya ya ɗaga shi a hasken taga, ya juya, ya ajiye. Bai ce a'a ba.

Baƙin farko za su iso ranar Asabar ta biyu a Disamba. Malam Oribe ne, tsohon shugaban makaranta da ya shekara ashirin yana zuwa, tare da abokansa uku. Sai dai tun daga Talata teku ta birkice. Iska ta taso daga arewa maso yamma, igiyar ruwa tana tsallake katangar tasha tana zuba a kan titi, ba jirgin da ya fita. Laraba haka, Alhamis haka. Ranar Juma'a da yamma Gonda ya zo da kansa, yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga hularsa.

"Babu, uwargida. Ko wutsiya babu a duk gaɓar nan. Ki dafa musu busasshe, kowa ya san halin teku."

"A Nakiura fa?"

Nakiura tana can ɗaya gefen, a cikin lungun teku inda duwatsu suka tare iska, masuntan can ba sa fashin fita.

"Akwai, amma sai kin tsallake dutse. Motata ma ba zan sa a hanyar nan ba. Kin taɓa tuƙi a ƙanƙara kuwa?"

"Har kantin magani."

"Kantin magani! To sai ki bar wasiyya."

"Kai dai nuna mini yadda ake ɗaura sarƙar taya."

Ya yi ta mita, amma ya durƙusa ya nuna mata yadda ake naɗe tayoyin da sarƙa don kada su zame a ƙanƙara, ya sa ta kwance ta sake ɗaurawa sau uku. Sannan ya rubuta mata suna a bayan kwalin sigari: Tsuneko, matar da ke riƙe da rumfa ta biyu.

Gari na fara wayewa Fusae ta bar Tokuji a hannun maƙwabciya, ta tayar da 'yar akori-kurarsa. Hanyar da ake yi cikin awa ɗaya da rani ta ci mata kusan uku. Motar share hanya ta wuce gaba, amma dusar tana rufe sawunta nan da nan, sai jajayen sandunan gefen titi take bi da ido. A kwanar hanya ta bakwai, sai bayan motar ya zame, ta juya a hankali kamar ana murza ta, ta tsaya tana fuskantar inda ta fito. Fusae ta kashe injin. Gida yana gabanta yanzu, gangara ce kawai. Ta zauna ta cinye dunƙulen shinkafa ɗaya daga guzurinta, ta sha shayi mai zafi, ta fita ta duba sarƙoƙin. Sannan ta juya kan motar da kaɗan-kaɗan, gaba da baya har sau shida, ta ci gaba da hawa.

Da ta isa Nakiura an kusa tashi daga kasuwa. Tsuneko gajeriyar mace ce mai muryar maza, ta karɓi kwalin sigarin ta karanta, ta leƙa motar da sarƙoƙinta.

"Daga Kugihama? Yau? Ke kaɗai?"

"Baƙi gare ni ƙarfe uku."

"Ai kin makara, 'yar'uwa. Saura biyu, kuma duk da mai su."

Fusae ta durƙusa gaban akwatunan. Ta duba idon kifin, ta danna cikinsa da yatsa, ta shafa kaurin wutsiya yadda Tokuji ya koya mata. "Wannan na hagun nake so. Na daman ya sha wahala a koma, namansa zai yi laushi."

Tsuneko ta kalli filastocin da ke yatsun Fusae. "Wa ya koya miki?"

"Mijina. Ba ya iya riƙe wuƙa yanzu."

Matar ta ciro waya ta kira wani, ta ce masa kifinsa ɗaya ne yau ba biyu ba, in bai yarda ba ya zo ya kama da kansa. Ta kashe tun yana magana. Su biyu suka ciccibi akwatin suka ɗora a mota.

Ƙarfe biyu saura Fusae ta shigo gida, ƙafafunta ba ta jin su. Ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi har suka dawo, ta turo keken Tokuji bakin tebur, ta zare wuƙa. Ta cire kai, ta bi ƙashin baya da tsinin wuƙar tana jin ƙarar kas-kas, ta ɗaga ɓarin farko ya taso fes, kitsen ciki fari-fari yana sheƙi. Kan da ƙashin ta zuba a tukunya da daikon, wata farar saiwa mai kama da ƙaton karas. Tsokar baya ta yanka da kauri don ci ɗanye, ta ciki kuwa sirara don tsomawa a tafasasshen romo. Tana cikin jerawa ta ji motar haya ta tsaya a ƙofa.

Da aka zauna cin abinci, Malam Oribe ya ɗauki yanka ɗaya, ya tauna a hankali, ya ajiye sandunan cin abincinsa.

"Wannan ba hannun Tokuji ba ne."

"Nawa ne, Malam."

"Na ga alama. Wannan ya fi wancan kauri, wancan kuma gefensa ya yage." Abokansa suka sunkuyar da kai don kunya. Shi kuwa ya ƙara ɗaukar wani. "Amma a ina kika samo shi? Mai motar haya ya ce kwana huɗu ba jirgin da ya fita."

"Nakiura."

Tsohon ya dube ta, ya dubi taga inda dusar take zuba. Ya tashi da kwalbar giyar shinkafa ya sauka ƙasa wurin Tokuji, suka daɗe zaune, shi yana surutu, Tokuji yana gyaɗa kai.

Da safe iska ta kwanta. A da Tokuji ne yake fita da baƙi kamun kifi a jirginsa, Fusae kuwa ba ta iya jirgi ba, ta kuma faɗa musu haka kai tsaye. Ta ba kowa takalmin roba da sanda, ta ce su biyo ta. Ta ja su ta bayan wurin bauta, suka hau 'yar siririyar hanyar da take bi zuwa makaranta tana yarinya, ita ce a gaba tana fasa dusar da ta kai gwiwa. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi zaune sau biyu yana ta dariya. A kan tsaunin da ya miƙe cikin teku suka tsaya suna haki, ta zuba musu romon kan kifi daga flas, suna sha suna kallon jiragen Kugihama suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakuna uku ta buɗe a sanyin nan, biyar sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Sau uku ta sake tsallaka dutsen. Sau ɗaya an rufe hanya, ta juyo hannu wofi, baƙin ranar suka ci busasshen kifi suna gunaguni, biyu daga cikinsu ba su ƙara dawowa ba. Malam Oribe kuwa ya bugo waya a watan Janairu, ya ce a ajiye masa ɗakuna biyu a Fabrairu, zai zo da ƙanwarsa da mijinta. Ya tambaya ko akwai takalmin roba mai lamba babba, don surukin nasa ƙafar raƙumi gare shi. Fusae ta ce babu, amma za ta nemo kafin su iso.