Hayaƙin da Bai Fita Ba

A garin Widnes kowa ya san ba don talaka aka yi dokar hayaƙi ba. Masu gonaki ne suka kai kuka majalisa, wai hayaƙin masana'antun sodar yin sabulu na ƙone musu itatuwa. Sai aka naɗa mai duba hayaƙi, aikinsa ya hau bututu ya auna abin da ke fita. Abin da bai fita ba kuwa, babu ruwansa.

Shi ya sa da an hango keken dokinsa, sai Pilling, shugaban leburori, ya ja ƙarfen da ke toshe hanyar bututun. Sama ta yi fes, gubar ta koma rumfar tanderu, inda mutane ke gasa gishiri da tsumman ulu ɗaure a baki.

Ran nan Enoch Tarbuck na kwasar kwal a waje ya ji ƙarar ƙarfen. Ƙanensa Caleb na ciki, ga shi tun bara yake tofar da jini.

"Pilling, buɗe bututun," in ji Enoch. "Caleb na ciki."

"Ya ƙara tsumma mana," in ji Pilling. "Ku da hayaƙi ya riga ya cinye muku haƙora, me kuma ya rage?"

Enoch ya kutsa rumfar. Kowa ya tsere, sai Caleb kife a gaban tanderu, kumfa ja ta jiƙa tsummansa. Ya saɓo shi waje, ya girgiza shi, ya kira sunansa. Ina, rai ya yi halinsa.

Baƙin ciki ya rufe masa ido. Ya ɗauki shebur ya sheme Pilling a gwiwa, ƙashi ya ce ƙas. Ya ja shi ƙiii har cikin rumfar, ya fito ya rufe ƙofa, ya jingina da ita. Pilling na dukan katako, yana tari, yana haɗa shi da Allah.

"Ƙara tsumma mana," in ji Enoch.

Can sai ga mai duba hayaƙi ya sauko daga bututu da kwalaben awonsa. Enoch ya nuna masa gawar.

"Yallaɓai, auna wannan."

Mutumin ya cire hula, ya daɗe yana kallon Caleb. "Ina yi maka ta'aziyya. Amma dokar ba ta ambaci mutum ba. Hayaƙinku na yau bai wuce ƙa'ida ba."

A bayan Enoch, dukan ƙofa ya tsaya, tarin Pilling ma ya ɗauke.